Tambaya da Amsa: Dodannin Pokémon da Dabbobin da Aka Kwaikwayo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 11 wanda ƙanena ya kawo wa wata tsohuwar na'urar wasa ta hannu, tun daga ranar kuma ba shi da magana sai ta wasan Pokémon. Ya haddace sunayen dodannin wasan fiye da ɗari, yana kuma gaya mini cewa daga dabbobi na gaske aka samo su, alhali ni abin da nake gani zane ne kawai na halittun da babu su. Shin gaskiya ya faɗa, kuma akwai wani abin amfani da yaro zai iya samu a irin wannan wasa?
Daga wani uba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, yaronka yana da gaskiya a mafi yawan maganarsa, domin duk da cewa akwai dodannin da aka samo daga tatsuniyoyi ko kayan amfanin gida, kaso mai yawa daga cikinsu an kwaikwayo su ne daga ƙwari da kifaye da sauran dabbobin da ke raye a doron ƙasa. Asalin wasan kansa ma daga kamun ƙwari ya faro.

Wanda ya ƙirƙiro shi wani Bajapane ne mai suna Satoshi Tajiri, wanda aka haifa a 1965, ya kuma tashi a Machida da ke gefen birnin Tokyo a lokacin da wurin yake da gonaki da kududdufai da 'yan dazuzzuka. Yana yaro ba shi da aiki sai ɗaga duwatsu da leƙa gindin itatuwa yana neman ƙwari, har abokansa suka laƙaba masa sunan da ke nufin likitan ƙwari. Kafin ya girma gine-gine da kwalta suka cinye wuraren, ƙwarin suka ragu, sai ya yi tunanin ya ƙera wasan da zai bai wa yaran birni irin daɗin da shi ya samu na nema da kamawa da tarawa. Na'urar Game Boy ta kamfanin Nintendo tana da wata waya da ake haɗa na'urori biyu da ita, ya kuma bayyana cewa da ya gan ta sai ya riƙa hango ƙwaro yana tafiya a kanta daga wannan na'ura zuwa waccan, daga nan tunanin musayar dodanni tsakanin 'yan wasa ya zo. Kamfaninsa na Game Freak ya kwashe kimanin shekaru 6 yana aikin, wasan ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairu, 1996, da dodanni 151. Yau sun haura 1,000. Sunan kansa taƙaitawa ce ta kalmomi biyu masu ma'anar dodannin aljihu.

Bari in ba ka misali ɗaya da ba sai ka je Japan ba kafin ka tabbatar da shi. Ka tambayi yaron ko ya san Trapinch, wani ɗan dodo ruwan lemo mai ƙaton kai da baki kamar tarko, wanda ya fara fitowa a wasannin 2002. A cikin wasan an ce yana haƙa rami a cikin rairayi ya zauna a ƙasa yana jiran abin da zai faɗo, abokin faɗansa kuma ba ya iya gudu daga gare shi. Wannan halitta tana nan a gidajenmu. A gidan kakata, a gindin katangar da ruwan sama ba ya dukanta, akwai ƙananan ramuka a cikin lallausar ƙasa masu siffar mazurari, faɗin kowanne bai wuce na kwabo ba. Mukan durƙusa mu sa tsinke mu ɗan taɓa gefen ramin, sai mu ga ƙasa tana fantsamowa daga tsakiya, idan kuma muka kwashi ƙasar a tafin hannu muka hura a hankali, sai ga wani ɗan ƙwaro mai launin ƙasa, mai faɗin ciki da muƙamuƙai biyu kamar awartaki, yana ja da baya yana neman nutsewa tsakanin yatsu. Da baya yake tafiya, da baya kuma yake haƙa raminsa, yana kewayawa yana watsar da ƙasa da kansa har gangaren ya kai matsayin da ƙwayar rairayi ɗaya in ta motsa sauran za su biyo ta. Tururuwa in ta taka bakin ramin sai ta zame, in ta yi yunƙurin hawa sai ya riƙa watsa mata ƙasa har ta gangaro bakinsa, ya soke ta, ya zuba mata ruwan da ke narkar da cikinta, ya tsotse, ya jefar da ɓawon waje.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda masu wasan suka bi rayuwar ƙwaron har ƙarshenta. Trapinch idan ya kai mataki na 35 yakan rikiɗa ya zama Vibrava mai fukafukai, a mataki na 45 kuma ya zama Flygon, yara da yawa kuma suna mamakin yadda abu mai rarrafe a rami ya koma mai tashi sama. Haka abin yake a zahiri. Ɗan ƙwaron nan na cikin rami jariri ne, yakan yi shekara ɗaya zuwa uku a haka, sa'an nan ya dunƙule kansa cikin wani ƙwallo na rairayi da zare, ya fito da dogon jiki da fukafukai huɗu masu kama da na mazari, irin waɗanda kan zo wajen fitila da dare.

Game da amfani kuwa, akwai wani bincike da ya kamata iyaye su sani. A 2002 Andrew Balmford na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Science sakamakon gwajin da suka yi wa yara 'yan firamare 109 a Birtaniya, inda suka nuna musu hotunan dodannin Pokémon da na dabbobi da tsirrai na ƙasarsu. Yara 'yan shekara 8 sun gane kusan kashi 80 cikin ɗari na dodannin, amma abin da suka gane na halittun gaske bai kai rabi ba. Ni abin da na fahimta daga wannan shi ne ƙwaƙwalwar yaro tana da ƙarfin riƙe ɗaruruwan sunaye da halaye in har an gabatar masa da su ta hanyar da ta ja hankalinsa. Yaron da ya san nau'i da abinci da mazaunin dodanni ɗari zai iya sanin na tsuntsaye da ƙwari ɗari. Shawarata ita ce ka ƙayyade masa lokacin wasa yadda ba zai taɓa salla da karatu da barci ba, sa'an nan ka sa shi ya riƙa zaɓo dodo ɗaya a mako, ku nemo dabbar da aka kwaikwayo, in tana kusa ku je ku gan ta da ido. Ku fara da gindin katangar gidanku.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce, ina koyar da kimiyya a aji biyar. Ɗalibaina suna cewa a wasan tsutsa mai suna Caterpie tana “juyin halitta” ta zama Butterfree, sai suka fara ɗauka cewa abin da littafi ke nufi da juyin halitta ke nan. Yaya zan warware musu wannan ruɗani?
Daga wata malama a Maraɗi

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da wannan lura, domin ruɗanin daga wasan ya samo asali. Kalmar da masu wasan suka zaɓa ita ce wadda masana kimiyyar halittu ke amfani da ita wajen bayanin sauyin da suke cewa yana faruwa ga jinsi baki ɗaya a tsawon zuriya bayan zuriya, amma abin da ake nunawa a allon rikiɗar dabba guda ce a cikin rayuwarta ɗaya, kamar yadda ƙwai ke zama tsutsa, tsutsa ta shiga ɓawo, ta fito malam-buɗe-littafi. Wannan kalma tana cikin dalilan da hukumar fatawa ta Saudiyya ta kawo lokacin da ta hana wasan a 2001, tare da batun caca a katunansa. Hukuncin shari'a na malamai ne, gare su ya kamata a mayar da shi. Abin da zan iya tabbatar miki ta fuskar ilimin dabbobi shi ne Caterpie da Metapod da Butterfree matakai uku ne na rayuwar ƙwaro ɗaya, kuma kina iya nuna wa ɗalibanki su a cikin aji.

Ki nemi bishiyar lemo, ko na tsami ko na zaƙi, ki duba sababbin ganyayenta, musamman da damina. Za ki iya samun wani abu baƙi da fari manne a ganye wanda za ki rantse kashin tsuntsu ne. Tsutsa ce ƙarama, wannan kamar kuma ita ce kariyarta, tun da babu tsuntsun da ke sha'awar cin kashi. Bayan ta saɓe fata sau da dama sai ta koma kore shar, da wasu ɗigo a gaban jikinta masu kama da idanu. A nan ne za ki ga Caterpie sosai. Ki sa tsinke ki ɗan taɓa bayanta a hankali, nan take za ta fito da wani abu mai reshe biyu, ruwan lemo zuwa ja, daga bayan kanta, ya saki wani wari mai ƙarfi da ke korar tururuwa da sauran masu farautarta, in ta natsu kuma ta mayar da shi ciki. Shi ne jan ƙahon nan da ke kan Caterpie, bayanin wasan ma ya ce wari yake fitarwa don korar abokan gaba. Ki ɗauki tsutsar da reshenta ki sa a cikin kwalba mai faɗi, ki rufe bakin da gidan sauro, ki riƙa canza mata ɗanyen ganyen lemo kullum. Za ta daina ci, ta ɗaure kanta a jikin reshe da zare, ta zama ɓawo mara motsi, wanda shi ne Metapod da ba ya iya komai a wasan sai ƙara tauri. Bayan makonni biyu ko fiye sai babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya ya fito, ku sake shi a gaban ɗalibai.

Akwai wani misalin da ke nuna zurfin kallon da Tajiri ya yi wa halittu. Poliwag ɗan kwaɗo ne tun yana da wutsiya, a cikinsa kuma akwai wani zane mai murɗewa kamar gammo. Tajiri da kansa ya bayyana cewa hanji ne, domin in ka kamo ɗan kwaɗo daga kududdufi ka juya shi, fatar cikinsa tana da shara-shara har kana hango hanjinsa a naɗe. Wannan ma yara za su iya dubawa da damina, su mayar da shi ruwa bayan sun gani.

TAMBAYA: Muna gardama da abokaina a kan Pikachu, dodon nan na Pokémon mai fitar da lantarki. Wasu sun ce ɓera ne, wasu sun ce zomo, wani kuma ya ce akwai wata dabba mai suna pika da aka samo shi daga gare ta. Sa'an nan akwai dabbar da ke fitar da lantarki da gaske?
Daga wani ɗalibin sakandare a Kano

AMSA: Ɗana, kowannenku ya kama wani ɓangare, amma amsar tana wani wuri dabam. A cikin wasan an rubuta shi a matsayin ɓera, sunansa kuma haɗi ne na kalmomin Japananci biyu, pika da ke kwatanta walƙiya da chu da ke kwaikwayon kukan ɓera, saboda haka dabbar nan pika mai kama da ƙaramin zomo dacen suna ne kawai. Sai dai wadda ta zana shi, Atsuko Nishida, ta bayyana a wata hira a 2018 cewa kurege ne a ranta lokacin da take aikin. Ta lura da yadda wasu kuregu ke cusa abinci a kumatu, sai ta mayar da kumatun Pikachu wurin ajiyar lantarki.

Babu wata dabba mai gashi da ke harba lantarki, amma kifaye suna yi, ɗaya daga cikinsu kuma masuntanmu sun san shi sarai. Minjirya, wadda ake kamawa a kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, tana da wani sashe a ƙarƙashin fatarta da ya lulluɓe yawancin jikinta, cike da ƙwayoyin halitta da aka jera kamar batura. Kowace ƙwaya ƙarfinta kaɗan ne, amma in suka saki tare babbar minjirya tana iya kaiwa kimanin bolt 350, da shi take sumar da ƙananan kifaye take kuma kare kanta. A Kudancin Amurka akwai wani dogon kifi da ya fi ta ƙarfi, wanda a 2019 aka ba da rahoton an auna bolt 860 daga wani jinsinsa, akwai kuma wani dodon wasan mai suna Eelektross da ke kama da irinsa.

TAMBAYA: Na ga wani dodo mai suna Sandshrew da ke dunƙulewa kamar ƙwallo, sai ya tuna mini da wata dabba mai sulke da na taɓa gani wani mafarauci yana sayarwa a bakin hanya. Ko ita ce?
Daga wani direba a Jalingo

AMSA: Malam, da alama ɗan kunya ka gani, kuma kana kan hanya, domin sunan Sandslash na Japananci, wato babban Sandshrew, yana ɗauke da guntun sunan wannan dabba a Turance. Jinsinsa takwas ne aka daɗe da sani, huɗu a Afirka, huɗu a Asiya, shi kaɗai ne kuma a cikin dabbobi masu shayarwa jikinsa ke rufe da irin wannan ɓawo mai hawa kan juna. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Da farata yake fasa suri ko gidan tururuwa, ya zura dogon harshensa mai danƙo ya kwaso su, ta haka kuma yana rage gara a daji da gona. In ya ji tsoro sai ya cusa kansa a ciki ya naɗe da wutsiya, har zaki yakan juya shi ya gaji ya tafi.

Wannan dabarar da ta kare shi daga zaki ita ce ta bashe shi ga mutum, tun da mafarauci ba ya bukatar bindiga ko tarko, sunkuyawa kawai zai yi ya ɗauke shi ya jefa a buhu. Ana safarar ɓawonsa zuwa Asiya don magungunan gargajiya, alhali sinadarin da ke cikinsa shi ne wanda ke cikin farcenka da gashinka. A 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa baki ɗaya, amma safarar ba ta tsaya ba, abin baƙin ciki kuma Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fitar da shi. A watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo sun kama tan 12.9 na ɓawon a cikin kwantena ɗaya da ta taso daga Nijeriya za ta Biyetnam, an rubuta cewa daskararren naman shanu ne a ciki. Ka auna yawan dabbobin da aka kashe kafin a tara wannan, ka kuma tuna cewa macen yawanci ɗa ɗaya take haifa a lokaci guda. Ina roƙonka, da kai da sauran direbobi masu bin hanyoyin daji, kada ku saya ko da da niyyar ceto ne, domin kuɗin da kuka bayar shi ke mayar da mafarauci daji gobe. Ku sanar da jami'an kula da gandun daji mafi kusa.

TAMBAYA: A wasan ana samun wani dutse a kogo, a kai shi ɗakin bincike a tayar da dodo mai suna Omanyte daga cikinsa. Akwai irin wannan dutse, kuma ana iya tayar da abin da ke ciki?
Daga wata ɗaliba a Gombe

AMSA: 'Yata, dutsen yana nan, jiharku ma tana cikin wuraren da suka yi suna da shi. Omanyte kwaikwayo ne na wata halittar teku mai suna amonait, 'yar uwar dabbar tekun nan mai hannaye da yawa da ake kira octopus a Turance, wadda ke zaune cikin ƙwanso murɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Ta ƙare daga duniya kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce bisa lissafin masana duwatsu, amma ƙwansonta ya nutse a laka, lakar ta zama dutse, siffar ta tabbata a ciki. A wuraren haƙar farin dutsen siminti na yankin Ashaka ana samun su da yawa, masu shekaru fiye da miliyan 90, shaida ce kuma ta cewa wani reshen teku ya taɓa ratsa wannan yanki ya bi ta Nijar ya nufi arewa. Masana har sun raɗa wa wani rukuni nasu suna Gombeoceras, wani kuma Nigericeras.

Tayarwa kuwa ba ta yiwuwa, domin abin da ya rage ma'adini ne da ya ɗauki siffar ƙwanson, naman da duk abin da ke ɗauke da bayanin halittar sun ruɓe tun tuni. Abin da ya fi kusa da labarin wasan ya faru ne a Afirka ta Kudu a watan Disamba na 1938, lokacin da wata ma'aikaciyar gidan tarihi a garin East London, Marjorie Courtenay-Latimer, ta je duba abin da wani jirgin masunta ya kamo, ta tarar da wani babban kifi shuɗi mai ƙafafun iyo masu kauri kamar gaɓoɓi. Bincike ya nuna silakant ne, kifin da masana suka sani a cikin duwatsu kawai, suna kuma ɗauka ya ƙare tare da amonait. Sai a 1952 aka sake samun na biyu a tsibiran Komoro. Shi ne Relicanth a wasan, shi ya sa ma ake samunsa a can ƙarƙashin teku, inda sai ɗan wasa ya yi nutso kafin ya gan shi.